Akwatin da Aka Ce Barci Yake Yi

Jaririyar ta rasu ranar Talata da azahar, a cikin kwalbar rainon bakwaini. Kafin la'asar aka tarar an fasa kwaɗon ɗakin na'urori, an ɗauke akwati guda daga kabad ɗin ƙarfe. Kafin gari ya waye kuwa, asibitin gaba ɗaya ya gama zaman shari'a ya yanke hukunci: Iya mai shara ce.

Ba wanda ya gan ta da idonsa. Amma bokitinta aka samu a cikin ɗakin, kuma mai gadi ya rantse ya ga ta fita da kwali a ka. Ga mutanen da tsoro ya kama, wannan ya isa har ya yi yawa. Ma'aikatan da jiya suke kiran ta Iyarmu, yau su ne ke cewa dama can take-takenta bai kwanta musu ba. Gajeriyar katanga ai ita ce mai daɗin tsallakewa.

Babban Likita, wanda shi ne mai asibitin, ya ce a dakata da maganar 'yan sanda zuwa ƙarfe huɗu. Ya aika a kira mutumin da ya haɗa musu na'urorin shekara biyu da suka wuce.

Bi-Sawu ake ce masa. Dogo ne, ya ba hamsin baya, ga furfura a gemu, ga ƙarancin magana kamar ana sayar masa da ita. Sunan ya samo shi ne daga aikinsa: in intanet ɗin wani gini ya mutu, kowa ya yi iya yinsa ya gaza, shi ake kira ya bi kebul daga bango zuwa silin, ya karanta abin da na'urori suka rubuta a cikinsu, har ya tsaya a kan inda ɓarnar ta fara. Yana da alfahari guda, wanda ba ya ɓoye shi: bai taɓa barin aiki rabi da rabi ba.

*

Ɗakin na'urorin ƙarami ne, a ƙarƙashin matakala, ba taga. Likita ya tsaya a bakin ƙofa, idanunsa sun yi ja don rashin barci. A bayansa Manaja ne, ƙanin matarsa, mai riƙe da makullan gidan da ragamar ma'aikata.

"Injiniya, yi mini bayani kamar ban san komai ba," in ji Likita, "don yau ban san komai ba."

"Ranka ya daɗe, duk saƙon da zai fita daga ginin nan, na kwamfuta ne ko na ƙararrawa, ta ƙofa ɗaya yake bi. Akwatin nan na sama, rauta muke ce masa, shi ne mai tsaron ƙofar. Na ƙasa, wanda aka ɗauke, mai jiran gado ne. Na sama yana ta faɗa masa 'ina nan, ina nan', shi kuma yana amsawa 'ina ji'. Ranar da ya ji shiru, sai ya miƙe ya karɓi ƙofar. Sauran na'urorin ba su san su biyu ne ba. Adireshi ɗaya suka sani, duk wanda ke bakin aiki shi ke amsa shi."

"To na saman ya mutu ne jiya?"

"Ko tari bai yi ba."

"To me ya hana ƙararrawar ɗakin jarirai isa wayar Sista mai kula da su?"

"Abin da na zo nema ke nan."

Manaja ya yi tsaki. "Yaya, me kuma za a nema? An sace akwati, ƙararrawa ta mutu, yarinya ta mutu. Ga bokiti nan. Sai mun ga hoton tsohuwar tana kwance noti?"

Bi-Sawu ya matsa bakin ƙofar. Ya tsuguna ya ɗauki fasasshen kwaɗon, ya juya shi, sannan ya shafa ƙarfen ƙofar inda ake rataya shi. Fentin wurin lafiya lau, ko ƙwarzane babu. A ƙasa kuwa, taku biyu cikin ɗakin, siminti ya ɓare sabo fil. Wanda ya fasa kwaɗon nan bai fasa shi a jikin ƙofa ba. Buɗe shi ya yi da makulli, ya shigo da shi ciki, ya ajiye a ƙasa ya ba shi guduma.

Ya jona kwamfutarsa da akwatin sama ya karanta rajistarsa. Karo na ƙarshe da na ƙasa ya ce "ina ji" ba jiya ba ne. Ranar Alhamis ne, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, kwana biyar kafin rasuwar. Ya rufe kwamfutar ya tafi neman Iya.

*

A sito aka zaunar da Iya, tsakanin katan-katan na safar hannu. Manaja ya karɓe jakarta da wayarta. Shekara goma sha huɗu tana goge jini da amai a gidan nan, yau ko ruwa ba wanda ya miƙa mata. Bi-Sawu ya ajiye mata gorar ruwansa, ya zauna a kan wani katan.

"Iya, sannu da haƙuri."

"Ɗan nan, kai ma ka zo ka tambaye ni inda na kai shi? Wallahi ko a hanya na haɗu da abin nan ban san sunansa ba."

"Kwalin da kika fita da shi fa?"

"Babu komai a ciki. Kajina nake sa wa su yi ƙwai. Duk mako ina ɗauka, mai gadin ma ya sha cin ƙwan. Yau ne ya manta."

"Bokitin fa?"

"A bakin matakala na bar shi. Ina cikin goge baranda aka shigo da mutanen da motarsu ta kife, aka ce Iya taho, jini ya cika ɗakin gaggawa. Na ɗauki babban bokitin can na bar ƙaramin. Da na dawo ban gan shi ba."

"Jiya da safe, da kika goge gaban ɗakin na'urori, yaya kwaɗon yake?"

"A kulle, kamar kullum. Har tsumma na sa na goge shi, don ƙura na son shi."

Ta dubi hannayenta da ruwan omo ya cinye. "Ba ɗaurin nake tsoro ba, ɗana. Ni na wanke wa uwar yarinyar nan zannuwanta ranar da aka yi mata aiki. A ce ni na kashe mata 'ya? In aka rubuta haka a takarda, jikokina da shi za su tashi."

Tausayinta ya kama shi, haushi kuma ya biyo baya. Ya ce mata ta sha ruwa, zai dawo.

*

Sista, mai kula da ɗakin jarirai, tana zaune a bencin baranda na sama. Ita ma ba a bar ta ba. Ana ta raɗe-raɗin wai kashe wayarta ta yi, ko kuwa ta bar ta a caji, ta samu tsohuwa ta ɗora wa laifi. Tun kafin ya tambaya ta miƙa masa wayar.

"Duba da kanka, Injiniya. A aljihuna take, a kunne. Saƙon ƙanwata ma ya shigo ƙarfe ɗaya da kwata."

"Me ya fitar da ke daga ɗakin?"

"Mutum goma sha huɗu aka kawo jina-jina. Likita da kansa ya ce duk mai hannu ya sauko. Na duba yaran biyu, lafiyarsu ƙalau. Na ce a raina ai in wani abu ya motsa wayata za ta yi kuka, haka muka saba. Minti ashirin da biyar na yi a ƙasa." Ta dubi ƙofar ɗakin jarirai. "Robar iskar ce ta zame daga hancinta. Tun daga matakala na jiyo ƙararrawar tana ta ihu a ɗaki rufe, ba kowa a saman."

Ya duba wayar. Gaskiyarta ce, a kunne take duk ranar. Ya gangara cikin saƙonnin ƙararrawar. Na ƙarshe ya shigo ranar Alhamis, ƙarfe tara da minti biyar na safe. Daga nan shiru.

"Kwana biyar ba ta aiko miki komai ba, ba ki lura ba?"

"Ina cikin ɗakin kullum, kunnena ke ji kai tsaye. Wa zai duba waya alhali abin na kuka a gabansa?"

"Me ake yi a gidan nan ranar Alhamis da safe?"

Ta ɗan yi tunani. "Hidimar sabon ɗakin gwajin jini, wancan na tsallaken titi. Tsawa ta ƙona musu wani abu ranar Laraba, ga masu duba asibitoci za su zo Juma'a. Manaja kamar zai tashi sama. Daga baya dai ya ce wa Likita an gyara."

Bi-Sawu ya mayar mata da wayar. Abu biyu ya samu, ɗaya ya yi masa daɗi, ɗaya ya dame shi. Ya san inda zai nemi akwatin. Amma kuma ga shi ƙararrawar ta yi shiru daidai ranar da aka cire na ajiya, abin da a iliminsa bai kamata ya yiwu ba.

*

Ya sami Mai Wuta, mai kula da lantarkin asibitin, a rumfar janareta yana haɗa waya. Mutum ne mai fara'a a da, wanda ba ya ganin Bi-Sawu bai tsokane shi ba, wai masu kwamfuta aikinsu danna-danna ne da cin kuɗin mutane. Yau gaisuwar ma da ƙyar ta fito.

"Kana shiga ɗakin na'urori?"

"Sai in Manaja ya ba ni makulli. Batiran wuta na ciki."

"Yaushe rabonka da shi?"

"An kwana biyu. Ban riƙe ba."

Ya naɗe haɗin da jan salatif, ya kai bakinsa ya gatsa ya yanke. Haƙorinsa na gaba ya ɓantare a gefe, tun wani faɗuwa da ya yi daga tsani. Ya ci gaba da murza wurin da babban yatsa alhali ya riga ya manne.

"Injiniya," ya ce, bai ɗago ba, "wai in aka cire na ajiyar nan, akwai abin da zai iya tsayawa?"

"Bai kamata ba."

"Haka ka ce mana ranar da ka haɗa. Ina tsaye. Ka ce ko wanne aka cire, ko kwamfuta ɗaya ba za ta sani ba."

"Na faɗa."

"To," in ji Mai Wuta. Ya share gumi da hannun riga, ga shi kuwa rumfar da iska.

Bi-Sawu ya koma ƙarƙashin matakala ya haska tocila. Kebul uku ne ke lilo inda akwatin yake a da. Ya taɓa wuyan kowanne, ya ji danƙo, har ƙura ta fara mannewa. An naɗa musu wani abu, daga baya aka ɓare. Amma shi ya haɗa akwatin nan, ya san kebul huɗu ne. Ya cusa hannu bayan kabad ɗin har kafaɗa, ya laluba, ya jawo na huɗun da ya zame ya faɗa can.

A wuyansa akwai jan salatif, an rubuta 4 da biro. Bakin salatif ɗin ba almakashi ne ya yanke shi ba, kuma a gefe guda akwai ɗan gibi.

Ɓarawo ba ya sa wa kebul lamba. Mai niyyar dawo da kaya ne ke yi, don kada ya rikice wajen mayarwa. Bi-Sawu ya tsallaka titi, ya shiga sabon ɗakin gwajin, ya ɗaga kai. Ga akwatinsa nan a kan kabad bayan teburin karɓar baƙi, fitilunsa na ƙyaftawa, an kankare takardar da ya manna masa amma ba a iya kankare lotsawar da ke kusurwarsa ba.

*

Ƙarfe uku saura kwata. Da wani ne, da nan ya tsaya. Ya sami kaya, ya sami hannu, ya sami wanda ya ba da makulli. Amma tambayar Likita na nan ba amsa, kuma Bi-Sawu bai iya barin sawu a tsakiyar hanya. Ya hau sama ya nemi Sista ta buɗe masa ɗakin jarirai.

Kwalba biyu ne. Ta hagu an tuɓe mata shimfiɗa, an kashe fitilarta. A ta dama wani bakwaini ne kwance, bai fi tafin hannu biyu ba, ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri. Aka kira Sista a baranda, ta ce masa tana zuwa, ta fita.

Ya jona kwamfutarsa da ɗan akwatin ƙararrawar da ke bango, ya buɗe inda ake gaya mata ƙofar da za ta bi. Adireshin haɗin gwiwar, wanda akwatunan biyu ke amsawa, da lamba ɗaya yake ƙarewa. Na akwatin sama shi kaɗai da biyu. Na ajiya shi kaɗai da uku. Kowace na'ura a ginin nan ɗaya aka ba ta.

Ƙararrawar ɗakin jarirai uku aka ba ta. A ƙasan lambar akwai ɗan rubutu, irin wanda shi kaɗai ke barin wa kansa: "gwaji, a mayar".

Ya nemi kujera ya zauna. Ranar da ya haɗa na'urorin ta dawo masa tas. Likita ya ce yana so ya gani da idonsa cewa akwatin ajiyar na aiki, shi kuwa ba ya son kashe na sama ana tsakiyar ganin marasa lafiya. Sai ya bi gajeriyar hanya: ya juya ƙararrawar kai tsaye zuwa na ajiyar, ya danna, wayar Sista ta yi ƙara, aka tafa. Likita ya riƙe hannunsa yana godiya, shi kuwa Bi-Sawu ana ta kiran wayarsa daga wani wurin aiki, ya naɗe kayansa yana cewa gobe zai mayar. Shekara biyu ƙararrawar na bin ta akwatin da kowa ke cewa barci yake yi, kuma ba ta taɓa fashi ba, don haka ba wanda ya sani. Laifi tudu ne. Tun safe yake tsaye a kan nasa yana hango na wasu.

Bakwainin ya motsa ƙafa. Har yanzu ƙararrawar yaron nan ba ta da hanyar fita, kuma ba a jira da irin wannan. Bi-Sawu ya goge uku ya sa ɗaya, ya goge rubutun, ya danna gwaji. A baranda wayar Sista ta yi kuka, ta shigo a guje hannu a ƙirji.

"Gwaji ne," ya ce. "Ta dawo aiki."

"Alhamdu lillahi. Me ya same ta?"

"Zan yi bayani a ƙasa."

Yana naɗe kebul ɗinsa ya fahimci abin da ya yi. Shaida ɗaya ce tak a duniya a kansa, kuma yanzun nan ya goge ta da hannunsa, da dalilin da ba mai iya zarginsa a kai. Abin kunya, sai ya ji wani sanyi-sanyi a ransa.

*

A ofishin Likita aka taru. Manaja na tsaye jikin taga, Mai Wuta a bakin ƙofa, Sista da Iya a kan benci ɗaya amma da tazara tsakaninsu. Akwai kuma wanda ba a gayyata ba, ba kuma wanda ya iya cewa ya fita: mahaifin jaririyar, wani tela siriri, da ƙasar maƙabarta har yanzu a gefen takalmansa. Matarsa na kwance a sama, ɗinkin aikin da aka yi mata bai warke ba.

Bi-Sawu ya ajiye kwaɗon a tebur. Ya faɗi yadda aka fasa shi a ƙasa ba a jikin ƙofa ba. Ya faɗi cewa akwatin ya bar ɗakin tun Alhamis, alhali Iya ta goge kwaɗon a kulle jiya da safe.

"Maganar ɓarauniya za a kama?" in ji Manaja.

"A'a. Maganar wannan za a kama." Ya ajiye guntun jan salatif ɗin kusa da kwaɗon. "Wanda ya cire akwatin ya sa wa kebul lamba don zai dawo da shi. Da haƙori ya yanke, kuma haƙorin na da gibi. Akwatin na tsallaken titi, ranka ya daɗe, a ɗakin gwajinka. Aika a duba."

Ba sai an aika ba. Mai Wuta ya zame jikin ƙofa ya tsuguna, ya riƙe kai.

"Aro ne, wallahi aro ne. Manaja ya ce ɗauko na ajiyar, ai barci kawai yake yi, in masu dubawa sun tafi mu mayar. Jiya da abin ya faru ya ce in aka gane mun mutu. Shi ya fasa kwaɗon. Ni na ɓare salatif ɗin. Bokitin kuma..." Ya kasa ƙarasawa.

"Bokitin kuma wa?" in ji Likita.

"Ni na shigar da shi."

Iya ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Kai da nake ajiye wa ruwan zafi?"

Likita ya juya ga ƙanin matarsa, fuskarsa kamar ba jini. Manaja ya buɗe hannu. "Yaya, don asibitinka na yi. Ni ban san kan na'ura ba. Cewa na yi a kawo akwati, ban ce a kashe ƙararrawa ba. Shi ne ma'aikacin, shi ya san abin da ya cire."

Nan take kowa ya ga inda ruwan zai gangara. An ɗauke kayan daga kan Iya, ana neman wata gajeriyar katangar, ga ta kuwa tsugune a bakin ƙofa. Telan ya miƙe a hankali ya tsaya a kan Mai Wuta.

"Kai ne ke nan. Hannunka ne ya cire."

"Malam, na rantse da Allah ban san zai taɓa yaran ba. Injiniya, faɗa musu! Kai ka ce ko wanne aka cire ba abin da zai faru. Ba ka faɗa ba?"

Duk suka juyo. Amsar na nan a shirye a bakin Bi-Sawu, mai sauƙi, kuma ba ƙarya ce tsantsa ba: na'ura ce, wani lokaci takan yi abin da ba a zata ba. Ba mai ilimin da zai ƙaryata shi a ɗakin nan, ba kuma abin da ya rage a bango da wani injiniya zai gani. Mai Wuta ya riga ya ci amanar tsohuwa, wa zai tsaya masa? Zai tafi da laifinsa, a ɗora masa gawa a kai, shi kuma Bi-Sawu a yi masa godiya a raka shi har mota. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, na sunansa da sana'arsa da idon 'ya'yansa.

"Na faɗa," ya ce. "Kuma da aikina ya cika, da gaskiya na faɗa."

Ya yi bayanin a tsaye, bai rage komai ba. Adireshi uku, gwajin ranar farko, goben da ba ta zo ba. Ya ce waɗannan biyun su amsa laifin ɗaukar kaya ba izini da na ƙulla wa Iya sharri, wannan nasu ne, ba mai sauke musu. Amma da ƙararrawar na kan adireshin da ya dace, da ko sun ɗauke akwatin sun jefa a rijiya wayar Sista za ta yi ƙara.

"Akwai shaidar wannan?" Likita ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai ba shi hanyar komawa.

"Babu. Na goge ta ɗazu, saboda yaron da ke ɗaya kwalbar. Bakina ne kawai shaida. Kawo takarda in rubuta in sa hannu."

Sista ta rufe fuska da mayafi. Telan ya bar kan Mai Wuta, ya tako har gaban Bi-Sawu. Bai kai kafaɗarsa ba, sai da ya ɗaga kai.

"Ban gane duk abin da ka faɗa ba, Malam. Ni ɗinki na sani. Abin da ka manta ɗin, babba ne?"

"Lamba ɗaya ce."

"Ka ce ka gyara ɗazu. Ya ɗauke ka lokaci?"

"Bai kai minti ɗaya ba."

Telan ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Bi-Sawu ya so a ce mari ne ya biyo baya, da ya fi masa sauƙi.

"Shekara goma sha ɗaya muka yi muna jiran ta," in ji telan. "Tun jiya uwarta ke tambayata me ya faru, ina ce mata ana bincike. Ni ba zan iya hawa in ce mata lamba ɗaya ba. Bakina ba zai ɗauka ba. Taho ka faɗa mata da naka."

Ya juya ya fita bai waiwaya ba. Bi-Sawu ya bar jakarsa da kwamfutarsa a kan teburin Likita, ya bi bayansa suka hau matakalar.